Kafin Ta Ji A Bakin Wani

Mu biyar ne muke adashi, bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne. Abin da ya riƙe mu shi ne zaman da muke yi ran Asabar ɗin ƙarshen wata a ɗakin Yaya Babba, can cikin gari, daga la'asar har a yi isha'i mazajenmu su fara aiko a ce mu fito. Akwai Yaya Babba, wadda ta girme mu duka. Akwai Malama, mai koyarwa a Islamiyyar matan aure. Akwai Sista, ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Sai ni, sai Auta, ƙaramarmu. Dokar ɗakin guda ce: abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana. Wannan karon ne kaɗai na nemi izinin fitar da magana, aka ba ni, da sharaɗin ban da suna.

Ranar hunturu ya sauka sosai. Yaya Babba ta sa an shigo da kasko, ta dama mana kunun gyaɗa. Kowa ta sha, ban da Auta. Sai juya kofin take yi a hannu har ya huce.

"Auta, tun da kika shigo jikinki a sanyaye," in ji Yaya Babba. "Ke da maigidan ne?"

"A'a, Yaya. Ummi ce."

Dukkanmu mun san labarin Ummi, don da mu aka yi. Auta ta shekara takwas da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha na asibiti, ta sha na gida, ta sha magana a bakin dangin miji. Daga baya ita da mijinta suka je ma'aikatar mata, aka cike takardu, jami'an walwala suka zo suka duba gida, aka je gaban alƙali, sannan aka miƙa musu jaririya 'yar wata uku daga gidan yara na gwamnati. Tsintarta aka yi, ba wanda ya san iyayenta. Mijin ya sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ake ce mata Ummi. Yanzu shekararta tara.

Auta ta ce makon jiya faɗa ya haɗa Ummi da wata 'yar maƙwabta a Islamiyya a kan wurin zama, yarinyar ta ce mata 'yar tsintuwa. Ta dawo gida ko hijabi ba ta cire ba, ta tsaya a ƙofar kicin.

"Ina suyar miya ta ce, 'Mama, mene ne 'yar tsintuwa?' Wallahi sai da ludayin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce zagin yara ne, rabu da su. Ta ce to. Amma tun ranar kullum sai ta ɗauko jakar hotuna ta baje a kan gado. Shekaranjiya ta ce, 'Mama, ga hoton bikinku, ga na sunan 'ya'yan Goggo. Ina na ranar sunana?'"

Nan muryarta ta karye. Sista ta matsa ta dafa ta.

"Me Abbanta ya ce?" Malama ta tambaya.

"Ya ce a bar maganar sai ta zo aure. Wai yanzu ba za ta iya ɗauka ba. Ni kuma, Malama, gaskiyar Allah tsoro nake ji. Ina tsoron ranar da za ta dube ni ta ce ke ba uwata ba ce. In ta faɗi haka ban san me ya rage mini a duniya ba."

Ɗakin ya yi tsit. Sai na ga duk sun juyo suna kallona, don sun san ni ma 'yar riƙo ce, ko da yake ban taɓa ba su labarin daga tushe ba.

Ni 'yar fari ce. Da aka yaye ni sai aka kai ni wurin yayar babana, wadda ba ta haihu ba. Na tashi ina ce mata Inna, ina ce wa mijinta Baba. Mahaifiyata kuwa, in ta zo, sai a ce in je in gaida Anti. Mace ce da ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in na matso sai ta kau da kai. Na ɗauka ba ta ƙaunata ne, har nakan ɓuya in na ji sallamarta. Inna kuwa ba abin da ba ta yi mini ba. Har yau ina jin ƙanshin man da take shafa mini a kai in za ta yi mini kitso, tana matse ni tsakanin gwiwoyinta tana ba ni ƙuli-ƙuli don in yi shiru.

Ina 'yar shekara goma sha biyu muka je suna. Ina riƙe da kwanon Inna, wata tsohuwa ta kamo haɓata ta ce, "Wannan ce 'yar wajen wance da aka ba ki? Kai, ta ɗebo kamar uwarta sak!" Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa sai na ji kamar an zare tabarmar da nake tsaye a kai.

"Abin da ya fi yi mini ciwo, Auta," na ce, "ba wai Inna ba ita ta haife ni ba. Wannan da ta zaunar da ni ta faɗa mini da bakinta, da na yi kukana a cinyarta ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk matan da ke tsakar gidan nan sun sani. Mai wanke-wanke ta sani. Yaran da muke wasa tare sun sani. Ni kaɗai, mai labarin, ban sani ba. Na shekara biyu duk abin da Inna ta gaya mini sai in ce a raina, ko wannan ma ba haka ba ne?"

Yaya Babba ta gyara garwashin kaskon, ta ce wannan ɓoye-ɓoyen baƙon abu ne. A zamaninsu riƙo ba sirri ba ne. Ɗan fari ana jin kunyarsa, don haka in an yaye shi kaka ko goggo ke ɗauka. Matar da ba ta haihu ba, 'yan'uwa ba sa barinta haka, sai a ba ta ɗa ko 'ya, wasu su ce riƙo, wasu su ce tallafi. Yaro ya san ɗakin da aka haife shi, ya san ɗakin da yake cin tuwo, kuma ran aurensa duka biyun za su tsaya masa.

"Gidanmu mu goma sha huɗu ne," in ji ta, "biyar ba babanmu Malam ne ya haife su ba. In ba ka tambaya ba, ba za ka gane ba. In ka tambaya kuwa, yaron da kansa zai gaya maka, ko a jikinsa."

Gaskiyarta. Na taɓa karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Baturiyar nan Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ɗakinta bai rasa 'ya'ya ba, na dangi aka ba ta ta raina har ta aurar. Tana ba da labarin ba tare da wani nuƙu-nuƙu ba. Sai dai na ce wa Yaya Babba kada mu yi wa da can kwalliyar da ba ta da ita. A da ma akwai 'yar riƙon da ita ce ta farkon tashi, ta ƙarshen kwanciya, ita ke talla, ita ke cin ƙanzo, ran Sallah a ɗinka wa 'ya'yan gida atamfa ita a ba ta kwance. Yanzu ma suna nan, sai dai mun canja musu suna. Mukan ce "yarinyar da muke riƙo", alhali 'yar aiki ce da ba a biya.

"Wannan haka yake," in ji Yaya Babba. "Amma wannan zalunci ne, ba riƙo ba. Kuma ba shi ne matsalar Auta ba. Ita tata matsalar, Ummi ba ta da ɗakin da za a nuna mata a ce ga inda kika fito."

Auta ta ɗaga kai. "Shi ne fa, Yaya. Ke an ce miki ga uwarki," ta nuna ni. "Ita in ce mata me? In ce an yar da ke?"

A nan Malama ta karɓi maganar, a hankali kamar yadda take yi wa ɗalibanta.

Ta tuna mana da Zaidu ɗan Harisa. Yaro ne da aka kama aka sayar, ya zo hannun Nana Khadija, ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka neman fansarsa, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama inda yake. Aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har aya ta sauka a farkon Suratul Ahzabi ta hana jingina yaro ga wanda ba shi ya haife shi ba.

"Amma ki lura, Auta, suna kawai aka mayar. Ba a kore shi ba, ba a rage ƙaunarsa ba. Masoyin Manzon Allah ake ce masa, haka ɗansa Usama. Shi kaɗai ne sahabin da Alƙur'ani ya ambata da sunansa. Kuma ayar ba ta manta da irin su Ummi ba. Ta yi maganar waɗanda ba a san iyayensu ba, ta sanya su 'yan'uwanmu a addini. Annabin ma da kansa a hannun wasu ya tashi: Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, kakansa ya riƙe shi, yana ɗan takwas ya koma gidan baffansa Abu Ɗalib. Wanda zai yi wa yaro gorin riƙo, bai san wa yake taɓawa ba."

Sai ta tambayi abin da ya canja zancen gaba ɗaya. "Lokacin da kuka kawo ta, ba ƙanwar maigidanki ce ta shayar da ita ba?"

"Ita ce. Tana goyon ɗanta na biyu a lokacin. Kusan wata biyu tana zuwa kullum. Ke ce ma kika ba mu shawarar, Sista ta sa aka yi musu gwajin jini tukuna."

"To kin gani. A mazhabarmu ta Malikiyya, shayarwa ko sau ɗaya ce, muddin nono ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko, ta tabbatar da haramci. Ke nan ƙanwar mijinki uwarta ce ta shayarwa, 'ya'yanta 'yan'uwan Ummi ne, mijinki kawunta ne muharraminta, kakar da aka sa mata sunanta kakarta ce. Wannan ba lallashi ba ne, hukunci ne. Don haka ba hannu rabbana za ki je mata ba. Za ki ce mata, ban san wadda ta haife ki ba, amma ga wadda ta shayar da ke, ga wadda ta raine ki, ga danginki."

Auta ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka sosai. Muka ƙyale ta. Yaya Babba ta ce a bar ta, kukan shekara tara ne.

Da ta lafa, Sista ta ce ita abin da take gani a wurin aiki shi ne, yaro ba ya faɗin damuwarsa da baki. Sai dai a ga wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, ko a ga yana ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi, ko ciwon cikin da aka auna ba a ga komai ba. Wani kuma sai ya zama mai ladabin da ya wuce misali, ba ya neman komai, ba ya musu, don yana tsoron in ya yi laifi za a mayar da shi.

"Wannan ne ya fi ba ni tsoro," in ji ta, "don shi kowa yabonsa yake yi. In kin gaya mata, ki shirya. Wataƙila ta yi miki rashin kunyar da ba ta taɓa yi ba. Wataƙila ma ta faɗi kalmar nan da kike gudu. Ba ƙinki take ba, gwada igiyar take ta ga ko za ta tsinke. Ranar ki yi mata faɗan da kika saba, ki zuba mata abincinta, ki tofa mata addu'ar barci kamar kullum. Kuma kada ki ce zama ɗaya zai gama. Za ta dawo da tambaya tana sha biyu, ta dawo tana sha shida, ta dawo ranar da ta haihu. Abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba. Kada ki ƙirƙiro mata uwar da ta mutu a haɗarin mota, kada kuma ki zagi wadda ta haife ta, ba mu san abin da ya kai ta ba."

Ta ƙara da cewa a asibiti akan tambayi ciwon da ke cikin dangi, hawan jini, ciwon suga, sikila. Yarinyar da ta ɗauka jinin Auta ne a jikinta, amsar da ba tata ba za ta riƙa bayarwa.

Ni kuwa na kawo maganar da na san ba mai son ta, maganar gado. Na ga yadda ta ƙare a wani gida da na sani. Mutum ya riƙe yaro shekara ashirin, ya rasu, ba a yi sadakar bakwai ba 'yan'uwansa suka fara lissafin ɗakuna. Yaron da ya yi jinyarsa, ya ɗauki makararsa, a ranar ya ji matsayinsa.

Malama ta ce ɗan riƙo ba ya gado, shayarwa ma ba ta sa gado, wannan ba mai canja shi. In mijin Auta ya riga ta, tunda ba shi da ɗa na cikinsa, rubu'i za ta samu, saura na danginsa ne. Amma shari'a ta bar ƙofa biyu a buɗe. Akwai wasiyya, har zuwa sulusin dukiya, ga wanda ba magaji ba, kuma Ummi ba magajiya ba ce, don haka ta halatta gare ta. Akwai kuma kyauta tun mutum yana da rai da lafiya, ko fili ko gida, sai dai a wurin Malikiyya dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa kafin ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba ta ɓaci.

"A rubuta, a sa shaidu, a kira 'yan'uwansa su ji da kunnensu. Mutanenmu suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Ni na ga marayun da wannan kunyar ta jefa a titi."

Ta ce ko waliccin aure bai kamata ya hana su barci ba, don littattafanmu sun sa wanda ya riƙe yarinya ya raine ta cikin jerin waliyyai idan babu dangin uba, bayansa kuma ga alƙali.

"Duk wannan mai sauƙi ne," in ji Auta. "Abbanta ne. Wallahi ya fi ni tsoro. Shi ke kai ta makaranta, shi ke yanke mata farce. Ran da ta yi zazzaɓi a zaune ya kwana. In na ɗauko maganar sai ya tashi ya fita."

Yaya Babba ta ce to a nan ne muka yi sakaci, mu duka huɗun. Mun zo barka, mun kawo kayan jarirai, muka watse. Mai jego ana yi mata wanka kwana arba'in, ana dama mata kunun kanwa, uwarta na gefe tana nuna mata yadda ake riƙon jariri. Auta fa? Rana ɗaya aka miƙa mata 'ya, ba wanda ya zauna da ita. Ta gaji ba ta isa ta ce ta gaji ba, sai a ce ai ke kika nema. Ta yi wa yarinya faɗa a ce don ba ita ta haifa ba, ta ƙyale ta a ce tana sangarta ta. Mijin kuwa ko wannan ɗakin da muke da shi ba shi da shi, don a majalisarsu ba a irin wannan zancen.

"Ki bar mini shi," in ji ta. "Ƙanina ne, ba zai tashi ya bar ni ina magana ba. Gobe bayan azahar zan je. Malama, ki roƙa mana maigidanki ya same shi daga baya, namiji ya fi jin wasu maganganun a bakin namiji."

Auta ta juyo gare ni. "Ke da Inna fa, yaya kuka ƙare?"

Na ce sai da na haifi 'yata ta fari muka yi maganar. Tana gasa mini jiki da ruwan zafi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Tsoro na ji kada ki tafi." Na ce, Inna, ina za ni? Ita ta yi mini kayan ɗaki, a hannuna ta cika. Mahaifiyata kuwa, bayan rasuwar Inna ne ta gaya mini cewa ranar da aka tafi da ni ta shiga bayan ɗaki ta toshe bakinta da zani don kada surukarta ta ji kukanta. Shekara talatin tana kau da kai, ni ina cewa ƙi ne. Har yau Anti nake ce mata, bakina ya kasa juyawa, ita ma ba ta taɓa neman in canja ba.

Aka kira isha'i. Muka yi salla, aka haɗa kuɗin adashi, kwasar Sista ce.

Yaya Babba ta je washegari kamar yadda ta ce. Sai da aka yi mako uku kafin Abban Ummi ya yarda, kuma ya ce shi zai fara magana. Auta ta roƙe ni in zo in zauna a falo, ko ba zan ce komai ba. Ƙanwar mijin ma ta zo. Suka shiga ɗaki su huɗu suka tura ƙofa. Auta ta shiga da wata 'yar leda da ta shekara tara a ƙasan akwatinta, a ciki akwai rigar da aka miƙo Ummi da ita da takardar kotu.

Sun fi awa ɗaya. Ban ji kuka ba sai na Abbanta. Da suka fito, Ummi na rungume da 'yar rigar, ba ta kalli kowa ba. Ta zo ta zauna kusa da ni, don an gaya mata ni ma a hannun goggona na tashi. Ta daɗe tana murza bakin rigar da yatsa.

"Anti, da kika sani, kin ci gaba da ce mata Inna?"

Na ce har ta rasu.

Ba ta ce komai ba. Daren ba ta ci abinci ba, in ji Auta, kuma ta ƙi kwana a ɗakinta, a tsakaninsu ta kwana. Da safe ta ce ba za ta je Islamiyya ba. Auta ta ce za ta je, ta ɗaura mata hijabi, ta riƙe hannunta har ƙofar aji.